Tambaya da Amsa: Ta Yaya Yaro Zai San Duniya Daga Cikin Aji?

Wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan sun karkata ga abu guda: yadda za a koya wa yara sanin mutanen da ba nasu ba, na cikin gida da na ƙetare. Malaman darasin zamantakewa da labarin ƙasa da ke amsa tambayoyin filin sun zaɓi bakwai.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da aji huɗu na firamare, yara 86 ne a gabana. Ba mu da taswira ko ɗaya, balle kwamfuta. An ce in riƙa koya musu ƙasashen duniya da al'adunsu. Daga ina zan kama? (Wata malama daga Gusau)

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Ki kama daga kasuwa. Abin da ke kashe wannan darasi shi ne a fara shi da jerin ƙasashe da manyan biranensu, yara su rera, su haddace, bayan mako biyu ya bi iska. Ɗan shekara tara ba ya riƙe sunan wurin da ba a ɗaura masa shi da abin da ya taɓa da hannunsa ba.

Ki nemi faifai biyu. Ana gobe darasi, ki raba wa yara goma sha biyu aikin kawo abu ɗaya-ɗaya daga gida, kaɗan-kaɗan: gero, dawa, wake, kuɓewa, masara, gyaɗa, tumatir, barkono, gutsuren rogo, ganyen shayi, gaɓar rake, ganyen dogon yaro. Ki zube su a tebur ki tambaya: wanne ne ɗan asalin Afirka, wanne ne baƙo? Ki bar su su yi gardama minti biyar, kada ki sa baki. Za ki ji masu rantsuwa cewa gyaɗa da barkono namu ne tun kaka da kakanni. Sannan ki raba. Faifan gida: gero, dawa, wake, kuɓewa. Faifan baƙi: masara daga Meziko, gyaɗa, rogo, tumatir da barkono daga Amurka ta Kudu da ta Tsakiya, kuma duk bayan shekarar 1492 suka iso Afirka, shayi daga Sin, rake daga tsibirin Niyu Gini, dogon yaro daga Indiya. Aikin gida tambaya ɗaya ce: kafin tumatir da barkono su zo, da me ake miya? Su tambayi tsofaffi. Za su dawo miki da kuka, yakuwa, daddawa, kimba da masoro.

Mako na biyu ki koma kan kayan da suke gani kullum. Taliyar Indomie asalinta Indonesiya, Maggi Suwizalan, keke napep yawancinsa Indiya, wayar Tecno Sin. Atamfa ta samo asali ne daga rinin kakin zuma na mutanen tsibirin Java, Turawan Holan suka mayar da shi na inji suka kawo Afirka ta Yamma. Shaddar Getzner da ake ji da ita ranar Sallah a Ostiriya ake saƙa ta.

Mako na uku ki zana Afirka a ƙasa, a filin makaranta. Kayan aiki: igiya mai tsawon mita 8, tef ɗin tela, bokitin toka, duwatsu da 'yan turaku. Mita ɗaya a madadin kilomita 1,000. Tsawon nahiyar daga arewa zuwa kudu kusan kilomita 8,000 ne, faɗinta kusan 7,500, don haka ki ja murabba'i mita 8 da mita 7 da rabi. Ki ja layi a tsakiya daga yamma zuwa gabas: shi ne ikwaita, layin da ya raba duniya gida biyu. Sai ki kafa turaku shida. Dakar a gefen yamma, mita 1.6 arewa da layin. Kan Tunisiya a can sama, mita 3 daga gefen yamma. Bakin mashigin Suwez, mita 5.4 daga yamma, mita 3.5 arewa da layin. Ƙahon Somaliya a gefen gabas, mita 1.2 arewa da layin. Ƙarshen Afirka ta Kudu a can ƙasa, mita 4.1 daga yamma. Duwala, mita 3 daga yamma, kusan rabin mita arewa da layin. Ki haɗa turakun da toka, siffar za ta fito. Gusau za ta faɗo mita 2.6 daga yamma, mita 1.3 arewa da layin, Kano kuma gabas da ita da kusan santimita 20. Ki sa dutse ya zama alamar kowane gari.

Daga dutsen Kano su auna da igiya: Legas santimita 83, Akara mita 1.2, Tarabulus mita 2.4, Khartum mita 2.6, Makka kimanin mita 3 da rabi. Da idonsu za su ga cewa Yamai ta fi Legas kusa da Gusau.

Abubuwa uku ke ɓata aikin. Idan arewar zanen ba ta kalli arewa ta gaskiya ba, yara sun rikice ke nan. Ki daidaita gabas da mafitar rana. Idan duk 86 suka afka lokaci guda, cikin minti biyu sun share tokar da ƙafa; goma-goma za su shiga, saura su tsaya a gefe da littafi suna rubuta awo. Na uku iska ce: da safe ake yi, kuma a yayyafa wa ƙasar ruwa kafin a zuba toka.

Tambaya: Ni dai hankalina bai kwanta ba. Ɗana ya dawo yana ba ni labarin bukukuwan Indiyawa da na Sinawa. Ba ta nan ake sace wa yara tarbiyya da addini ba? (Wani mahaifi daga Zariya)

Amsa: Alhaji, damuwarka tana kan hanya, kuma haƙƙinka ne ka bincika. Amma sanin abu daban, aikata shi daban. Aya ta 13 a Suratul Hujurati ta faɗi cewa an sanya mutane dangogi da ƙabilu ne domin su san juna, aya ta 22 a Suratur Rum kuma ta lissafa bambancin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah.

Bahaushe bai taɓa zama mai rufe ƙofa ba. A zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, Shehu Magili ya zo daga Tilimsan ta ƙasar Aljeriya ta yau. Fatake sun yi ta safarar goro daga Salaga, shi ya sa har gobe akwai zango a Kumasi da Akara. Akwai garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu a Sudan, wanda mutanenmu suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Waɗannan mutane sun zauna da baƙin al'adu, ba su saki nasu ba. Yaron da bai san duniya ba zai ɗauka duk Musulmi Balarabe ne ko Bahaushe, alhali ƙasar Indonesiya kaɗai tana da Musulmi fiye da miliyan 200.

Ga iyakar da malami nagari ba ya tsallakewa. Yana bayani ne da bakin mai ba da labari: "mabiya addinin Hindu suna yin kaza," ba "mu yi kaza" ba. Ba ya sa yaro ya karanta addu'ar wani addini, ko ya rusuna wa wani abu, ko ya ci abin da gidansu ba a ci, ko da sunan wasan kwaikwayo. Ba ya kuma yi wa abin bautar kowa dariya. Wannan kariya ta ɗan Musulmi ce da ɗan Kirista baki ɗaya.

Abin da za ka yi: ka nemi malamin ya nuna maka jadawalin darussan zangon, ka gwada shi da manhajar Hukumar NERDC, wadda ita ke tsara abin da ake koyarwa a firamare da sakandare. Ka tambayi yaron, "An ce ku sani ne, ko an ce ku yi?" In ka ga an tsallake iyaka, ka fara da shugaban makaranta, sannan taron iyaye da malamai. A ganinmu, labarin Indiya da ya ji daga bakin malami a gaban yara sittin ya fi wanda zai tsinta shi kaɗai a waya da tsakar dare aminci nesa ba kusa ba.

Tambaya: Duk shekara muna ranar al'adu. Iyaye na kukan kuɗin kaya, kuma bara abin ya ƙare da faɗa saboda wani yaro ya kwaikwayi maganar wata ƙabila. Mu soke ta ne? (Shugaban wata makaranta mai zaman kanta, Kaduna)

Amsa: Kada ku soke, ranka ya daɗe, ku juya ta. Matsalar ita ce an mayar da al'ada tufafi, rawa da abinci, an cusa su cikin yini ɗaya. Yaron da bai san komai game da mutane ba, in ka sa masa kayansu ka ce ya zama su, abin da ya ji ana tsokanarsu da shi a titi shi zai fito da shi.

Ku mayar da ranar ta zama ƙarshen aikin mako shida. Kowane aji ya ɗauki al'umma guda, kuma kada ku tsaya kan Hausa, Yarabawa da Ibo. A jihar Kaduna kaɗai ga Gbagyi, Bajju, Atyap, Adara da Ham, waɗanda a ƙasarsu garin Nok yake, inda aka fara tsintar sanannun sassaƙen yumɓu a 1928. Manyan azuzuwa su ɗauki na waje, kamar Zabarmawa, Ashanti, Habashawa ko Japanawa. Tambayoyi huɗu kowane aji zai amsa: me suke ci kuma me ya sa, wato me ƙasarsu ke fitarwa, yaya yaro ke gaida babba, yaya ake sunan jariri, wace matsala suke fama da ita yau. Ta huɗun ce ke hana yara ɗaukar mutane kamar kayan gidan tarihi.

Dole bayanin ya fito daga bakin ɗan wannan al'umma. Ba sai kun je nesa ba: ga 'yan bautar ƙasa, shirin da aka kafa a 1973 don wannan manufa ta sanin juna, ga mai shagon unguwa, ga ma'aikaciyar asibiti, ga iyayen ɗalibanku. Yara su rubuta tambayoyinsu kwana biyu kafin zuwan baƙon, malami ya tace su, ziyarar kada ta wuce minti 20. In ba a tace ba, wani zai miƙe ya tambayi baƙo ko gaskiya ne suna cin kaza da kaza, zumuncin ya lalace tun daga nan.

Dokoki biyu a rubuce, a aika wa iyaye: ba a kwaikwayon lafazin kowa a dandali, kuma ba a sayen sabon kaya. A aro hula ɗaya ko zane ɗaya a ɗora a tebur, mai shi ya yi bayaninsa. In kuna neman ranar da za ku jingina bikin, 21 ga Mayu ita ce ranar bambancin al'adu ta duniya, 21 ga Fabrairu kuma ranar harshen uwa, wadda UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ayyana a 1999 don tunawa da ɗaliban da aka kashe a birnin Dhaka a 1952 suna kare harshen Bangali.

Tambaya: 'Yata ta tambaye ni me ya sa kawunta da ke Makka yake shan ruwa mu ko la'asar ba mu daɗe da yi ba. Na rasa yadda zan nuna mata. (Wata uwa daga Katsina)

Amsa: Hajiya, ƙwallo da tocila sun isa. Ki rufe taga. Ki manna ɗan farin tef a ƙwallon, Katsina ke nan. Ki manna wani a damansa, kamar yatsu huɗu, Makka ke nan. Yarinyar ta riƙe tocila a wuri guda, ita ce rana. Ke kuma ki juya ƙwallon a hankali daga hagu zuwa dama, wato daga yamma zuwa gabas. Tef ɗin Makka zai riga na Katsina shiga haske, zai kuma riga shi shiga duhu. Kuskuren da ake yi shi ne a riƙa yawo da tocilar, sai yaro ya tafi da cewa rana ce ke zagaya mu.

Duniya na juya digiri 15 a kowace awa. Idan sha biyun rana ta buga a Katsina, a Akara ƙarfe 11 ne na safe, Khartum ƙarfe 1, Makka ƙarfe 2, Delhi 4 da rabi, Beijin 7 na yamma, Tokiyo 8 na dare. A Maraɗi, Njamena da Garwa agogonku ɗaya. Ki sa ta zana agogo bakwai a kwali, ta rubuta abin da take zaton yarinya sa'arta ke yi a kowane gari a wannan lokacin.

Tambaya: A taswirar bangon ajinmu tsibirin Girinlan, wanda ke can arewacin duniya, ya kusa kai Afirka girma. Wani ɗalibi ya ce littafi ya saɓa da haka. Wa ke da gaskiya? (Malamin labarin ƙasa, Damaturu)

Amsa: Ɗalibin, Malam. Afirka ta kai murabba'in kilomita miliyan 30, Girinlan kusan miliyan 2.2, wato Afirka ta ninka ta kusan sau 14. Taswirarku irin ta Mercator ce, wadda aka tsara a 1569 don matuƙan jirgin ruwa. Tana kiyaye alƙibla, amma tana kumbura duk ƙasar da ta yi nisa da ikwaita. Ka ba ɗalibai lemo su zana da'irori masu girma ɗaya a jikinsa, su ɓare, su gwada shimfiɗa ɓawon a tebur: ba zai kwanta ba sai ya yage ko an ja shi. Kada ka yar da taswirar, ka rubuta alƙaluman nan biyu a kati ka manna a gefenta.

Tambaya: Ajina ɗalibai 60, ƙabilu da addinai a gauraye. Kowa da nasa yake zama, kuma sunayen tsokana ba sa ƙarewa. Na yi wa'azi har na gaji. (Malamin ƙaramar sakandare, Bauchi)

Amsa: Wa'azi kaɗai ba ya raba wannan, Malam, zama a ɗaki ɗaya ma ba ya yi. Tun 1954 masanin halayyar ɗan Adam Gordon Allport ya bayyana cewa cuɗanya tana rage ƙyama ne idan an cika sharuɗɗa huɗu: matsayi ɗaya, buri ɗaya, aiki tare ba gasa ba, da goyon bayan na sama. A 1971 Elliot Aronson ya gina dabara a kan irin wannan tunani a makarantun birnin Austin na Amurka, lokacin da aka haɗa yara farare, baƙaƙe da 'yan asalin Meziko a aji guda rikici ya tashi.

Ga yadda za ka yi a darasin minti 40. Ka raba su rukuni 12, mutum biyar-biyar. Kai za ka raba, a gauraye. In ka bar su su zaɓa, kowa wurin nasa zai koma. Ka yanka darasin gida biyar, misali ƙasar Ghana: yanayin ƙasa, harsuna, noman koko da haƙar zinariya, samun 'yanci a 1957, da zangon Hausawa. Kowane ɗan rukuni ya sami yanki ɗaya a 'yar takarda, kada ya wuce layi takwas. Minti 5 na bayani. Minti 12 masu yanki iri ɗaya su haɗu su fahimce shi. Su 12 ne, sun yi yawa, ka raba su shida-shida. Minti 18 kowa ya koma rukuninsa ya koyar da nasa. Minti 5 na ƙarshe gwaji, tambaya ɗaya daga kowane yanki, kowa ya amsa shi kaɗai. Wanda ya ƙi sauraron abokin zamansa ya rasa maki, kuma nan da nan za su gane haka. Sau biyu a mako, rukunin ya zauna yadda yake aƙalla mako shida.

Ka kula da wanda karatunsa ke da rauni: ka ba shi yankinsa tun ana gobe darasi, in ba haka ba zai yi ta in'ina, tsokanar ta ƙaru. Kada ka taɓa haɗa gasa ƙabila da ƙabila. Kada kuma ka tsayar da yaro ɗaya tilo ka ce ya faɗa wa aji yadda "mutanensu" suke. Nauyi ne da bai nema ba.

Wasu za su fake da wasan barkwanci, irin na Fulani da Barebari ko Gobirawa da Yarabawa. Al'ada ce mai daraja, har UNESCO ta sa irinta ta Nijar cikin kayan gadon duniya a 2014. Ka koyar da ita da sharaɗinta: ɓangarorin biyu sun san wasan, sun yarda da shi, kuma kowa na da damar ramawa. Inda ɗaya ke dariya ɗaya ke sunkuyar da kai, cin fuska ne, a hukunta shi a matsayin haka.

Tambaya: Muna so ɗalibanmu su riƙa musayar wasiƙa da wata makaranta a wata ƙasa. Yaya ake farawa? (Wata malama daga Daura)

Amsa: Malama, ki fara da maƙwabta. Makaranta a Zindar ko Maraɗi ta fi ta Turai sauƙin samu da ɗorewa. Su da Faransanci suke karatu, ku da Turanci, amma Hausa ta haɗa ku, kuma yara za su sha mamakin yadda masu harshe ɗaya ke kashe sefa, suke da wani tsarin makaranta da wata tuta.

Hulɗar tsakanin malami da malami ce, da sanin shugabannin makarantun biyu a rubuce. Aji ne ke rubuta wa aji, ba yaro ga yaro ba: in aka haɗa su ɗaya da ɗaya, wasu za su sami amsa, wasu su yi ta jira har su huce. Rukuni shida, kowanne shafi ɗaya da zane, sau ɗaya a wata. Ki ɗauki hoton shafukan ki tura ta WhatsApp, na can ya karanta wa nasa ko ya buga. Kowane wata da batunsa: abin da muke karyawa da shi, hanyarmu ta zuwa makaranta, wasannin dandali, ranar kasuwar garinmu da farashin mudun gero. A wasiƙa sunan farko kawai, ba lambar waya, ba kwatancen gida, ba hoton fuskar yaro sai da izinin iyaye.

Abin da ya fi kashe irin wannan shiri shi ne kalanda da canjin wurin aiki. Makarantun Nijar a watan Oktoba suke komawa, naku a Satumba, hutunku kuma ba ya haɗuwa, don haka ku zauna tun farko ku fitar da watanni shida da kowa ke aji, ku tsayar da ranar turawa. Kowace makaranta ta sa malamai biyu a kan aikin, don in an ɗauke ɗaya, ɗayan ya ci gaba. Wasiƙun da suka zo kuma a liƙa su a babban littafi guda da zai zauna a ofishin shugaban makaranta, 'yan ajin baɗi su fara daga inda na bana suka tsaya.